An kama ƙanena a Amurka kan maganar infoma, kuma ya amsa laifi: akwai mafita?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da wannan tambaya. Ta ce ƙanenta yana zaune a Amurka, 'yan sanda suka tare shi a wurin ajiye motoci suka kama shi ba tare da takardar izinin kamu ba, wai wani infoma ya tsegunta musu cewa yana sayar da ƙwaya. A ofishinsu aka karanta masa haƙƙoƙinsa, aka yi ta yi masa tambayoyi kusan awa biyar, aka ce masa abokinsa ya riga ya tona komai, alhali ba a ma kama abokin ba. Daga ƙarshe ya sa hannu a takardar amsa laifi. Tana son sanin ko doka ta yarda a kama mutum kan maganar wanda ba a san shi ba, kuma ko za a iya watsi da takardar tunda ƙarya aka yi masa.

'Yar'uwa, Allah ya kawo mafita, ya ba ku haƙurin wannan jarrabawa. Zan faɗa miki abin da ke akwai ba tare da kwana-kwana ba: inda kika fi sa rai, wato ƙaryar da aka yi masa, nan ne hujjarku ta fi rauni. Inda ba ki mai da hankali sosai ba, wato yadda aka yi kamun tun farko, nan ne lauya mai wayo zai fara tono.

Mu fara da kamun. Gyara na huɗu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, shi ne ya hana a kama mutum ko a bincike shi sai da dalili mai ƙarfi. Rashin takardar izini shi kaɗai ba ya ɓata kamu. Tun a shari'ar Watson ta 1976 Kotun Ƙoli ta ce ɗan sanda yana iya kama mutum a fili, a titi ko a wurin ajiye motoci, kan babban laifi ba tare da ya je wurin alƙali ba, muddin yana da dalilin. Da a cikin gidansa suka kutsa suka kama shi, da magana ta canza, domin shari'ar Payton ta 1980 ta ce shiga gida don kamu yana bukatar takarda sai in akwai larura ta gaggawa ko mai gida ya yarda. Tunda a waje ne, tambaya ɗaya ta rage: a daidai lokacin da suka sa masa ankwa, me suka sani?

Dalili mai ƙarfi ba ya nufin tabbas. Ya fi zato, amma bai kai hujjar da ake bukata don ɗaure mutum ba, bai ma kusa ba. Kotuna sun ƙi sa masa adadi, ba su ce kashi hamsin ko sittin ba. Abin da suke dubawa shi ne ko mutum mai hankali, da ya san abin da ɗan sandan ya sani, zai ga akwai kyakkyawar yiwuwar an aikata laifi kuma wannan mutumin ne ya aikata. Sannan abin da aka samu bayan kamu ba ya komawa baya ya halatta kamun. Ko da an tarar da ƙwaya a aljihunsa, tambayar tana nan: kafin su sa hannu a aljihun fa?

Maganar infoma tana iya zama wannan dalili, ko da ji-ta-ji-ta ce. Shari'ar da ake fara koya wa ɗaliban lauya a nan ita ce ta Draper, 1959. Wani infoma mai suna Hereford, wanda ake biya kuma ya shafe wata shida yana kawo labaran da suka tabbata, ya gaya wa jami'in yaƙi da ƙwaya a birnin Denver cewa Draper ya tafi Chicago a jirgin ƙasa, zai dawo da safiyar 8 ko 9 ga Satumba da hiroyin. Ya faɗi kamanninsa, ya faɗi kayan da zai sa, ya ce zai riƙo jaka mai zif, ya ce yana da saurin tafiya. Ranar 9 sai ga mutum ya sauko daga jirgin Chicago, kaya iri ɗaya, jaka iri ɗaya, yana ta sauri. Kotu ta ce kamun ya halatta. Ki lura da abin da jami'in ya gani da idonsa: babu laifi ko ɗaya a ciki, saurin tafiya ba laifi ba ne. Ƙarfin labarin ya zo ne daga cewa infoman ya faɗi abin da bai faru ba tukuna, kuma ya faru. Wanda ya san rigar da mutum zai sa jibi, ba a bakin titi ya tsinci labarin ba.

Bayan nan, a shari'o'in Aguilar (1964) da Spinelli (1969), kotu ta kafa ma'auni mai ƙafa biyu. Ta farko: ta yaya infoman ya sani, gani ya yi, saya ya yi, ko shi ma ji ya yi? Ta biyu: me ya sa za a yarda da shi, ya taɓa kawo labarin da ya tabbata, ko ya faɗi abin da zai jefa shi kansa cikin laifi? Dole kowace ƙafa ta tsaya da kanta. Haka aka tafi har 1983, lokacin shari'ar Gates. 'Yan sandan garin Bloomingdale na jihar Illinois sun samu wasiƙa marar suna a watan Mayu na 1978, tana cewa wasu ma'aurata, Lance da Sue Gates, fataucin ƙwaya suke yi: matar ta tuƙa mota zuwa Florida, mijin ya bi ta a jirgin sama, ya dawo da motar cike da kaya, ita kuma ta dawo a jirgi. Aka bi sawu, aka ga mijin ya hau jirgi zuwa West Palm Beach, ya sauka a ɗakin otal da aka kama da sunan matar, washegari da sassafe suka kama hanyar arewa. Wasiƙar ta yi kuskure a wuri ɗaya, domin matar a motar ta dawo tare da shi. Duk da haka alƙali ya ba da izinin bincike, aka samu tabar wiwi fam 350 a but ɗin motar. Kotun Ƙoli ta amince, kuma ta ajiye tsohon ma'aunin. Ta ce daga yanzu a haɗa komai wuri ɗaya a duba, ƙarfin ƙafa ɗaya yana iya cike raunin ɗayar.

A ganina wannan hukunci ya sauƙaƙa wa 'yan sanda fiye da kima, domin "a duba komai tare" ma'auni ne da kowane alƙali zai iya miƙa shi yadda ya so. Wasu jihohi ma sun ga haka. New York, Massachusetts da Washington suna cikin waɗanda suka riƙe tsohon ma'aunin a ƙarƙashin nasu tsarin mulkin. Don haka abu na farko da za ki sani shi ne a wace jiha ake shari'ar, kuma kotun jiha ce ko ta tarayya.

Akwai iyakar da Gates bai tsallake ba. A shari'ar J.L. ta 2000, wani da bai faɗi sunansa ba ya buga wa 'yan sandan Miami-Dade waya ya ce ga wani matashi baƙar fata a tashar bas kaza, sanye da riga mai zane, yana ɗauke da bindiga. Suka je, suka gan shi, suka laluba shi, suka samu bindigar. Alƙalai tara baki ɗaya suka ce binciken bai halatta ba. Dalili kuwa, duk mai wucewa zai iya faɗin rigar da mutum ke sanye da ita da inda yake tsaye. Wannan yana nuna wa ake nufi, ba ya nuna mai maganar ya san wani abu na ɓoye. Kuma a can tsayarwa da lalube kawai ake magana, wanda sharaɗinsa bai kai na kamu ba. In labarin da ya kasa halatta lalube ne irin wanda aka kama ƙanenki da shi, to kamun ba shi da ƙafar tsayawa.

Saboda haka lauyansa zai matsa wa ɗan sandan a gaban alƙali. Wane irin infoma ne? Kotuna sun fi yarda da mutumin gari da ya ba da sunansa, wanda abin ya faru a gabansa, domin in ya yi ƙarya za a iya hukunta shi. Wanda ake biya kuɗi, ko wanda shi ma yake da tuhuma a wuyansa yana neman sassauci, dole a nuna tarihinsa: sau nawa ya kawo labari, sau nawa ya tabbata. Me ya ce ya gani, kuma yaushe? Labarin ƙwayar da aka gani wata uku da suka wuce ya sha iska. Me 'yan sanda suka tabbatar da kansu kafin kamu, sun sa ido, sun aika infoman ya sayo a gabansu, ko dai adireshi da launin mota kawai suka duba?

Kada ki sa ran za a faɗi sunan infoman. Shari'ar McCray ta 1967 ta ce ba dole ba ne a bayyana shi idan abin da ake jayayya a kai dalilin kamu ne kawai. Sai in shi kansa yana cikin cinikin da ake tuhuma a kai, kamar a shari'ar Roviaro ta 1957, inda shaidarsa ke da muhimmanci ga kare kai. Wannan sirri yana da amfaninsa, domin ana kashe infoma. Yana kuma da haɗarinsa, domin wanda ba a gani ba ana iya ƙirƙirar labarinsa. A Atlanta a watan Nuwamba na 2006 'yan sanda suka yi rantsuwa cewa infoma ya sayi ƙwaya a wani gida, suka fasa ƙofa, suka harbe Kathryn Johnston, tsohuwa mai shekara 92. Daga baya ta bayyana ba a yi wannan ciniki ba, kuma jami'ai uku sun tafi gidan yari. Lauya yana iya roƙon alƙali ya gana da infoman shi kaɗai a asirce don ya tabbatar akwai shi, kuma a wasu jihohi ana yin hakan.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce nan ne wurin tono. Idan kamun haramtacce ne, iƙirarin da ya biyo bayansa yana iya faɗuwa ko da babu wanda ya taɓa shi, ko da an karanta masa haƙƙoƙinsa tsaf. Wannan shi ne hukuncin shari'ar Brown da jihar Illinois, 1975. 'Yan sanda suka nuna wa Brown bindiga suka kama shi a gidansa ba tare da dalili ba, don su bincike shi kawai, suka karanta masa gargaɗin Miranda, wato sanar da shi cewa yana da haƙƙin yin shiru da na samun lauya, ya yi bayani cikin ƙasa da awa biyu. Kotu ta ce gargaɗin shi kaɗai ba ya wanke haramcin kamun, in ba haka ba kowa sai a kama shi tukuna, a karanta masa takarda, a ga abin da zai fito. Ta ce a duba tazarar lokaci tsakanin kamu da iƙirari, a duba ko wani abu ya shiga tsakani kamar ganin lauya ko gurfana gaban alƙali ko saki, a kuma duba girman ɓarnar 'yan sandan da manufarsu. Nauyin nuna cewa alaƙar ta yanke yana kan mai gabatar da ƙara.

Shari'ar da ta fi kama da labarin ƙanenki ita ce ta Taylor da jihar Alabama, 1982. An yi fashi a wani kanti a Montgomery. Wani da ke tsare, wanda bai taɓa kawo wa ɗan sandan labari ba, ya ce ya ji Taylor yana ciki, bai faɗi inda ya ji ba. Aka kama Taylor ba takarda, aka karanta masa haƙƙoƙinsa har sau uku, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka bar shi ya ga budurwarsa na ɗan lokaci, bayan awa shida ya sa hannu. Kotun Ƙoli, da rinjayen biyar da huɗu, ta ce a cire iƙirarin. Awa shida a hannun 'yan sanda ba lauya ba su raba iƙirarin da kamun ba. Naku awa biyar ne.

Sai dai ki sani, ko an yarda kamun haramtacce ne, ba a korar ƙara don wannan kawai. Abin da ake yi shi ne a cire hujjojin da kamun ya haifar. In mai gabatar da ƙara yana da wasu shaidu da ya samu ta wata hanya daban, shari'a za ta ci gaba. Amma a ƙarar ƙwaya, in an cire abin da aka samu a jikinsa aka cire abin da ya faɗa da bakinsa, sau da yawa ba abin da ya rage.

To, in alƙali ya ce kamun daidai ne fa? Nan sai a koma kan ko da son ransa ya yi magana. Asalin wannan ƙa'ida mummunan tarihi ne. A shari'ar Brown da jihar Mississippi ta 1936, manoma uku baƙaƙen fata aka yi wa bulala har suka amsa kisa, ɗayansu an rataye shi a bishiya an sauko da shi, shatin igiya yana wuyansa a kotu, kuma mataimakin shugaban 'yan sandan gundumar bai ma musanta dukan ba. Daga nan kotu ta yi ta faɗaɗa abin da ake kira tilas. Ashcraft, 1944: awa 36 ana tambayarsa ba barci, jami'ai suna karɓa-karɓa. Lynumn, 1963: mace ce aka ce mata in ba ta ba da haɗin kai ba za a ƙwace 'ya'yanta a yanke tallafin da ake ba su. Mincey, 1978: yana kwance a ɗakin masu tsananin jinya, bututu a bakinsa, yana rubuta amsa a takarda. Duk an yi watsi da iƙirarinsu. Kuma ba ruwan kotu da ko abin da mutum ya faɗa gaskiya ne. Shari'ar Rogers ta 1961 ta ce iƙirarin tilas ba ya shiga ko da an tabbata gaskiya ya faɗa.

Ƙarya kuwa, abin takaici, dokar Amurka ta bar wa 'yan sanda ita. A shari'ar Frazier ta 1969 an gaya wa wanda ake tuhuma cewa ɗan'uwansa da suke tare ya riga ya amsa laifi, alhali bai amsa ba, daidai abin da aka yi wa ƙanenki. Kotu ta ce wannan abin dubawa ne, amma bai isa ya mai da iƙirari na tilas ba. Ni ban yarda da wannan matsayi ba. Yaran nan biyar na shari'ar Central Park a New York, masu shekara 14 zuwa 16, sun amsa laifin fyaɗe a 1989 bayan doguwar tambaya, suka yi shekaru a kurkuku, sai a 2002 aka soke hukuncin bayan Matias Reyes ya ce shi ne, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya gaskata shi. Mutumin da aka gamsar cewa hujja ta riga ta kama shi yakan ga amsawa ita ce hanyar fita daga ɗakin. A 2021 jihar Illinois ta zama ta farko da ta hana yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 ƙarya a wurin tambayoyi, Oregon ta bi baya. Ga babban mutum kuwa Frazier yana nan daram.

Gajiya da tsoro su ma ba sa isa su kaɗai. Shari'ar Connelly ta 1986 ta nuna haka a fili: mutumin da ke da taɓin hankali ya tari ɗan sanda a titin Denver ya ce ya yi kisa, daga baya ya ce muryar Ubangiji ce ta umarce shi ya amsa laifin. Kotu ta ce tunda ba 'yan sanda ne suka matsa masa ba, iƙirarin bai saɓa wa tsarin mulki ba. Dole a nuna matsin ya fito daga hukuma. A zaman da alƙali ke yi kan wannan batu, wanda shari'ar Jackson ta 1964 ta wajabta a yi shi ba a gaban juri ba, wato mutanen gari da ake zaɓa su yanke ko mutum ya yi laifi, abin da ake nema daga mai gabatar da ƙara a ƙarƙashin dokar tarayya shi ne rinjayen hujja kawai, ko da yake wasu jihohi sun ɗaga sharaɗin. In ba a ɗauki zaman tambayoyin a bidiyo ba, maganar ɗan sanda ce da ta wanda ake tuhuma, kin kuwa san wadda aka fi ɗauka.

Abin da zai iya juya lamarin shi ne in an haɗa ƙaryar da alkawari ko barazana. "Faɗin gaskiya ya fi maka" kotuna ba sa ɗaukarsa komai. "In ka sa hannu yau za ka kwana a gida", ko "in ba ka yi magana ba za mu kama matarka", ko barazana da takardunsa na zama, waɗannan daban ne. Haka in ya ce yana son lauya aka ci gaba da tambayarsa. Sai dai dole ya kasance ya faɗa ɓaro-ɓaro: a shari'ar Davis ta 1994 mutum ya ce wataƙila ya kamata ya yi magana da lauya, kotu ta ce wannan ba nema ba ne. A shari'ar Thompkins ta 2010 kuma wani ya yi shiru kusan awa uku sannan ya amsa tambaya ɗaya, aka ce shirun ba ya nufin ya nemi a daina. Lauya zai kuma duba shekarunsa, iliminsa, ƙarfin Turancinsa, ko an kawo tafinta, ko an ba shi abinci da ruwa, ko an bar shi ya huta. Ƙanenki ya zauna da lauyansa tun abin bai gushe masa ba, ya faɗi duk abin da aka ce masa bi da bi, da wanda ya faɗa, da ƙarfe nawa. In ba shi da halin ɗaukar lauya, kotu za ta naɗa masa. In kuma ba ɗan ƙasa ba ne, kada ya yarda da wata yarjejeniyar amsa laifi kafin lauya ya bayyana masa abin da za ta jawo wa zamansa a ƙasar, domin laifin ƙwaya yana cikin waɗanda ake korar mutum a kansu.

Saura abu guda, kuma shi ne mafi gaggawa. Aikin infoma ba ya ƙarewa ranar kamu. A shari'ar Fulminante ta 1991, wani fursuna da ke yi wa hukumar FBI aiki a ɓoye ya ce wa Fulminante sauran fursunoni suna shirin illata shi, zai kare shi in ya gaya masa gaskiyar kisan 'yar matarsa. Kotu ta ce wannan tilas ne saboda barazanar da ke ciki. Amma a 1990, a shari'ar Perkins, ta ce jami'in da ya shiga ɗakin tsaro a matsayin fursuna ba ya bukatar karanta wa kowa gargaɗi, hira ce kawai, kuma abin da aka faɗa masa ya shiga kotu. Ki isar masa cewa kada ya tattauna ƙarar da kowa a ciki, komai kirkin mutumin. Ke ma idan ya kira ki, ku tsaya a gaisuwa da lafiyar gida, domin wayoyin gidan yari ana naɗe su, kuma masu gabatar da ƙara suna saurara.